Yadda Ake Zaɓen Akwatin Hannu Mara Nauyi Mai Ƙarko Don Shiga Jirgin Sama

Kafin ka taka kasuwa, buɗe tikitinka ko shafin kamfanin jirgin da ka fi hawa, ka nemo abu biyu: kilo nawa aka yarje maka ka shiga da shi cikin jirgi, da girman akwatin da suke karɓa. Duk sauran zancen a kan waɗannan biyun yake rataye. Emirates da Qatar Airways da Ethiopian kilo 7 suke ba fasinjan ƙaramar kujera. Turkish Airlines da Lufthansa da EgyptAir kilo 8. Air France da KLM kilo 12, amma har da 'yar jakar da ka rataya a kafaɗa ake haɗawa a auna. British Airways kuwa ta sakar wa mutane mara har kilo 23, muddin da hannunka za ka ɗaga ka sa a ma'ajiyar da ke saman kujeru. Alhazan Nijeriya su ma sun san nasu: kilo 8 a jakar hannu. Kamfanoni kan sauya waɗannan ƙa'idoji, don haka abin da ke rubuce a tikitin tafiyar da ke gabanka shi ne alƙali.

Abin da masu saye da yawa ba sa lissafawa shi ne, wannan kilo 7 har da akwatin kansa. Ba a zazzage kaya a auna su daban. In ka sayi akwatin da ke da kilo 3.8 babu komai a ciki, abin da ya rage maka kilo 3.2 ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta za su ci kusan kilo 2. Fawa-bank babba ya kusa rabin kilo. Kaftani da wando na shadda mai kauri, sawu ɗaya, suna neman kilo guda. Ka ga tun ba ka sa takalmi da man goge baki ba, ka haura. Wanda ya sayi mai kilo 2.2 kuwa yana da kilo 4.8 na kaya, ga shi kuɗin tikitinsu ɗaya.

Saboda haka ka riƙe wannan ma'auni a kai. Akwatin hannu mai taya da bai kai kilo 2.5 ba, ya yi. Daga 2.5 zuwa 3 ana iya maneji, musamman in jiragen kilo 8 ka fi bi. Da zarar ya wuce kilo 3.2, bar wa mai shago abinsa, komai kyan da yake da shi, sai fa in hanyarka Amurka ce ko Ingila a jiragen da ba su damu da awon jakar hannu ba. Kada kuma ka dogara da takardar da aka maƙala a jiki. Sayi ɗan sikelin ratayawa na hannu, irin mai ƙugiya da batir, ka je da shi shago. Ba shi da tsada, kuma zai yi maka amfani duk ranar da za ka haɗa kaya.

Girma, da yaudarar "inci ashirin"

Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba da shawarar kada akwatin hannu ya wuce santimita 56 a tsayi, 45 a faɗi, 25 a kauri, har da tayoyi da mariƙai. Shawara ce kawai, kowane kamfani da nasa. British Airways ta tsaya a kan wannan awon. Turkish Airlines da Lufthansa 55 da 40 da 23 suke karɓa. Air France da KLM 55 da 35 da 25. Manyan kamfanonin Amurka irin su Delta da United inci 22 da 14 da 9, wato kusan santimita 56 da 36 da 23. Emirates ta tsayar da faɗi a 38. Qatar Airways ita ce ta fi tsaurarawa ta wajen tsayi, domin 50 da 37 da 25 ta rubuta.

In ka jera waɗannan lambobi za ka ga akwatin da ya fi shiga ko'ina shi ne mai tsayin 55, faɗin 35, kaurin 20 zuwa 23. Mai faɗin 40 ya fi ɗaukar kaya, amma akwai ƙofofin da zai maƙale. Wanda Doha ce mahaɗarsa kullum, ya nemi gajere mai santimita 50.

A kasuwa ba da santimita ake kiran akwati ba. Saiti ake kawowa, uku-uku, ɗaya cikin ɗaya: inci 28, inci 24, inci 20, sai a ce maka ƙaramin shi ne na shiga jirgi. Matsalar ita ce inci 20 ɗin sau da yawa gangar jikin kaɗai aka auna. Inci 20 santimita 51 ne saura kaɗan. Ɗora tayoyi santimita 5 a ƙasa, da mariƙin sama da ya ɗan taso, ka tashi da 57 ko 58. A filin jirgi kuwa akwai wani kejin ƙarfe da ake cewa ka zura akwatin a ciki, kuma keji ba ya jin magiya. Don haka ka tafi da tef ɗin tela. Tsayar da akwatin a ƙasa jikin bango, ɗora littafi ko kwali a bisansa, ka auna daga ƙasa zuwa ƙarƙashin littafin. Faɗi ka auna har da mariƙin gefe, kauri har da aljihun gaba da 'yan ƙafafun roba.

Akwai akwatunan da ke da zif na biyu mai ƙara ciki. In ka zuge shi, kauri kan ƙaru da santimita 3 zuwa 5. Yana da amfani ranar dawowa da tsaraba, amma ka sani da zarar ka buɗe shi akwatin ya tashi daga na hannu, ya koma na awo. Kuma shi kansa zif ɗin da ƙyallensa ƙarin nauyi ne da kake ɗauka kullum.

Da me aka yi jikin

Akwatin roba mai tauri kala uku ne a zahiri, ko da yake a ido duk ɗaya suke, suna ta sheƙi a ƙarƙashin fitilar shago. Rubutun da ke jikin takardarsa ko a cikin shafin akwatin shi zai gaya maka: ABS, ko PC, ko PP.

ABS shi ne mafi araha, shi ne kuma ya cika kasuwa. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa sosai, in ya bugu da ƙarfi tsagewa yake yi, yawanci daga kusurwa ko daga inda aka ɗaure taya. Rana da zafi suna ƙara masa gautsi da daɗewa. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara zai iya kai wa wani lokaci. Ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Kano da Dubai ko Guangzhou, asarar kuɗi ce.

PC, wato folikabonet, shi ne wanda kamfanin Rimowa na Jamus ya fara yin akwati da shi a shekarar 2000, sauran suka biyo baya. In aka danne shi lotsawa yake ya dawo, shi ya sa yake jure bugu. Aibinsa karcewa: mai santsi da sheƙi tafiya ɗaya zai yi zane-zane, don haka mai gurji-gurji a jiki ko mai dishi-dishi ya fi rufa asiri. A nan ne ake yi wa mutane wayo. Akwatuna da yawa an rubuta musu "PC+ABS", kuma abin da hakan ke nufi galibi shi ne jikin ABS ne, aka lulluɓe shi da fatar folikabonet siririya don ya yi kyau. Ƙarfinsa na ABS ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Buɗe akwatin, nemo ɗan zif ɗin da ke tsakiyar shafin ciki, wanda yawanci ba shi da abin ja kuma an juyar da shi ta baya, ka zuge shi ka leƙa bayan robar. In launin ciki daban ne da na waje, misali waje shuɗi ciki fari ko toka-toka, alama ce ta lulluɓi. Sannan ka danna tsakiyar murfin da tafin hannu. Folikabonet na gaske zai shiga ya dawo shiru. ABS zai yi ƙas-ƙas, wani lokaci har ka ga wurin ya yi fari-fari.

PP, folifurofilin, shi ne mafi rashin nauyi a cikinsu. Robar ce da ke yawo a saman ruwa saboda ruwa ya fi ta nauyi. Tana lanƙwasa, ba ta saurin tsagewa, launinta kuma har ciki ne, don haka karce ba ya fitowa sosai. Ba ta da sheƙin da ke jan ido, shi ya sa masu saye kan wuce ta, alhali ga mai neman ƙarko da sauƙin nauyi a kuɗi matsakaici, ita ce ta fi dacewa. Samsonite na da wani samfuri da aka saƙa zaren wannan roba aka matse, suna kiransa Curv, wanda akwatin hannunsa kan tsaya wajen kilo 2. Kuɗinsa dai ba na wasa ba ne.

Na alminiyam kuwa, a gan shi a yaba a wuce. Ƙaraminsa ya haura kilo 4, wato ya cinye fiye da rabin abin da aka ba ka, in ya lotsa kuma ba ya dawowa.

Sai akwatin yadi. Mutane kan ɗauka ya fi na roba rashin nauyi, amma ba kullum ba, domin akwai firam da katakon roba a cikinsa. Abin dubawa shi ne irin zaren da kaurinsa. Za ka ga an rubuta lamba da harafin D, kamar 600D ko 1680D. Lambar tana nufin giram nawa zaren zai yi in tsawonsa ya kai mita 9,000, don haka mai babbar lamba ya fi kaurin zare. Amma kada lamba ta ruɗe ka, domin nailan ya fi foliyesta jure gogayya ko da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Nailan mai 1050D ko 1680D, ko wanda aka rubuta wa Cordura, shi ne na ƙwarai. Foliyesta 600D shi ne na gama-gari, kuma daga kusurwoyin ƙasa yake fara cinyewa, don haka ka duba ko an sa wa kusurwoyin kariyar roba.

Wanne ya fi tsakanin yadi da roba? Ya danganta da abin da kake ɗauka. Na yadi yana da aljihu a gaba, inda za ka zaro kwamfuta da fasfo a wurin bincike ba tare da ka baje kayanka a bainar jama'a ba, yana kuma ɗan matsuwa ya shiga keji ko ma'ajiya. Na roba rabewa yake gida biyu kamar ɓawon gyaɗa, sai ka sami fili ninki biyu kafin ka buɗe shi, amma ƙurar hunturu goge ta kawai za ka yi da tsumma, ruwan sama tsakanin bas da matakalar jirgi ba ya ratsa shi sai ta zif, kuma in kwalbar turare ta fashe a ciki ana iya wanke shi. Na yadi in ya sha turare ko man shanu, ya sha ke nan.

Tayoyi

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin in ka je wurin masu gyaran jaka ka dubi abin da aka jibge, akasari jikin akwatin lafiyarsa lau. Taya ce ta fita, ko sandar ja ta maƙale, ko zif ya buɗe baki.

Akwati mai taya biyu da sandar ja, wani matuƙin jirgin kamfanin Northwest na Amurka mai suna Robert Plath ne ya ƙirƙiro shi a 1987, kuma har gobe ma'aikatan jirgi da yawa irinsa suke ja. Dalili a fili yake. Tayoyinsa manya ne, santimita 7 zuwa 8, rabinsu a nutse cikin jikin akwatin, ba sa juyawa hagu da dama, saboda haka babu wuyan da zai karye. Suna hawa tsakuwa da bakin kwalta da ramukan harabar ajiye motoci. Kuma da yake ba su fito waje sosai ba, santimita huɗu ko biyar ɗin da tayoyi huɗu ke ci a tsayi sun zama wurin kaya. Aibinsa shi ne nauyin yana kan hannunka da kafaɗarka duk tsawon tafiya.

Mai taya huɗu a tsaye yake tafiya gefenka, da yatsa biyu ma ka tura shi. A dogayen farfajiyoyin Istanbul ko Dubai ko Jidda, inda mutum kan yi tafiyar minti ashirin kafin ya kai ƙofarsa, ni'ima ne, musamman ga dattawa da mai goyo. Yana kuma bi ta tsakanin kujerun jirgi a karkace. Amma tayoyinsa ƙanana ne, wajen santimita 5, a waje suke tsirara, kowace a kan wuyan da ke juyawa. Rairayi da tsakuwa su ne ajalinsu. In hanyarka ta haɗa da tasha da jan kaya a lungu kafin a kai mota, ɗauki mai biyu. In daga mota sai tayil, ɗauki mai huɗu, amma ka nemi wanda kowace kusurwa tagwayen taya ne, wato takwas gaba ɗaya, domin nauyi ya rabu.

Ga yadda ake gwada su. Kifar da akwatin, ka murza kowace taya da yatsa. Ta ƙwarai tana juyawa sumul ta ɗan jima, ba ƙara, alamar akwai boris a ciki. Kama ta ka girgiza gefe da gefe. In tana kaɗawa sosai a kan ƙarfenta tun tana sabuwa, ba za ta yi wata shida ba. Danna farcenka a bakinta. Ya kamata ka ji ɗan laushi kamar tayar keke mai iska sosai. In ƙwaƙƙwarar roba ce kamar murfin jarka, za ta yi ta kwaramniya a filin jirgi, kuma duk bugun da ta sha kai-tsaye zai wuce zuwa jikin akwatin. Tayoyin kamfanin Hinomoto na Japan sun yi suna, kuma masu sa su kan buga sunan a jikin tayar.

Sannan ka koma wancan ɗan zif na shafin ciki, ka duba yadda aka ɗaure gidan tayar. In sukurori ne, uku ko huɗu, da faranti a bayansu, to duk ranar da ta lalace sukudireba kawai ake buƙata a sauya. In ƙusa ce aka dame bakinta, sai an huda ko an yanke da zarto. Ana yi, masu gyara sun iya, kuma ana samun tayoyin canji masu faɗin milimita 40 da 45 da 50 tare da ƙarfensu, amma aikin kan bar rauni a robar. Akwatin da aka manne shafinsa da gam, babu hanyar leƙa ciki, mai yin sa bai shirya a gyara shi ba.

Sandar ja da mariƙai

Zaro sandar har ƙarshe. Ta tsaya cak a kowane mataki da 'yar ƙara, ta koma da danna maɓalli sau ɗaya. Yi haka sau goma a jere, kada kunyar mai shago ta hana ka. Ɗan motsi kaɗan a sandar ba aibi ba ne, da gangan ake barin sarari don kada ta cije, amma in tana rawa kamar haƙorin da zai fita, a'a. Mai sanda biyu ta fi mai ɗaya ƙarfi, kuma ita ce za ka iya zura wa 'yar jakar kwamfuta ta zauna. Tsayinta daga ƙasa ya kai wajen santimita 100 zuwa 105 ga mai matsakaicin tsayi. Dogon mutum ya ja akwatin a bayansa ya yi taku biyar. In dunduniyarsa na bugun akwatin, sandar ta yi masa gajarta.

Abin da ke kashe sanda abu biyu ne. Na farko ɗaga akwati da ita a kan matakala, alhali siraran bututun alminiyam ne da 'yan ƙusoshi masu sifirin, ba a yi su don ɗaukar kilo 8 a rataye ba. Na biyu cusa kaya har su danne bututun daga ciki, sai ya ɗan lanƙwashe, sandar ta ƙi fitowa. Don ɗagawa akwai mariƙin sama da na gefe. Tabbatar akwai na gefen, domin shi kake kamawa in za ka sa akwati a ma'ajiyar sama, kuma wasu masu neman rage nauyi kan cire shi. Ja kowane mariƙi da ƙarfi, ka duba ta ciki ko sukurori ne da wani abu a bayansu ke riƙe da shi.

Zif da makulli

Babban zif ya zama mai kauri, lamba 8 ko 10. Lambar tana bayan kan zif ɗin sau da yawa, kuma kusan faɗin haƙoran ke nan a milimita in an rufe. YKK shi ne sunan da aka fi yarda da shi, amma jabunsa ya yi yawa, don haka hannu ya fi ido gaskiya: zuge shi ka zagaya kusurwoyi huɗun nan sau da yawa. A kusurwa zif ke fara ciwo. In yana cijewa a nan akwatin na wofi, yaya ke nan in ya cika?

Zif irin na naɗaɗɗen zare, wanda shi ne a yawancin akwatuna, ana iya huda shi da bakin biro a buɗe, a ɗauki abin da za a ɗauka, a ja kan zif ɗin a mayar ya rufe kamar ba a taɓa ba, kwaɗonka na nan a kulle. Maganin wannan shi ne zif mai hawa biyu, ko makullin da ke manne a jikin akwati wanda kawunan zif ke shiga cikinsa, domin aƙalla ba za a iya mayarwa a rufe ba, za ka gane an taɓa. Masu firam da sakata maimakon zif sun fi tsaro, sai dai sun fi nauyi da wajen kilo guda. Makulli mai ɗan jan tambari, wanda jami'an binciken Amurka ke buɗewa da mabuɗinsu, yana da amfani ne in can za ka. Ramin mabuɗin da ke jikinsa nasu ne, kada ka tsaya neman mabuɗi a cikin akwatin. Lambobinsa a 000 suke zuwa, ka sauya su tun a gida.

In zif ya fara buɗewa ta bayan kansa, yawanci haƙoran lafiya suke, kan ne ya saki. A ɗan matse shi da filaya a hankali, ko a sauya kan kawai. Goga kyandir a haƙoran yana sa shi santsi.

Akwati mai wurin caji

Tun watan Janairun 2018 kamfanonin jiragen sama suka daina karɓar akwatin da batirinsa ba ya cirewa. In ka ga mai ramin caji a jiki, buɗe ka gani: in waya ce kawai da aljihun da za ka sa naka fawa-bank, babu laifi, ko da yake ƙarin abin lalacewa ne. Shi fawa-bank ɗin a hannu ake shiga da shi, ba a sa shi cikin kayan awo, kuma iyakarsa 100Wh (Wh ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne) ba tare da neman izini ba. Mai 20,000mAh yana kan 74Wh, ya wuce lafiya. Mai 30,000mAh ya kai 111Wh, sai da amincewar kamfani.

In na gwanjo za ka saya

Akwatin gwanjo na kamfani mai suna sau da yawa ya fi sabon ABS ƙarko, kuma kuɗinsu kan zo kusa. Sai dai ka lura da abu uku. Robar tayoyi tana da shekaru: in ta daɗe a ajiye cikin zafi da laima, takan yi danƙo ko ta fara marmashewa, don haka ka kankare ta da farce ka gani. Shafin ciki ma haka, in rufin bayansa yana barbaɗowa kamar dussa zai ɓata maka fararen kaya. Na uku ya fi su muhimmanci. Zazzage kowane aljihu, zuge shafin ciki, shafa hannunka a kowane lungu har ƙarƙashin bututun sanda, ka tabbatar babu abin da wani ya bari ko ya ɓoye. Abin da aka samu a jakarka naka ne a idon jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, kuma a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya kisa ne.

Sabo kuwa, kada kalmar garanti ta sa ka ƙara kuɗi sai ka tambayi inda ake kai gyaran. Garantin shekara goma da babu wakilinsa a ƙasar da kake zaune takarda ce kawai, kuma mafi yawansu sun cire ɓarnar da aka yi wa akwati a hannun kamfanin jirgi.

Ranar da za a karɓe shi a bakin jirgi

Ko akwatinka ya cika kowace ƙa'ida, akwai ranar da ba zai shiga tare da kai ba. Jiragen cikin gida da yawa ƙanana ne, irin su Embraer 145 da CRJ da ATR 72, ma'ajiyarsu ta sama ba ta ɗaukar akwati mai kaurin santimita 23. A manyan jirage ma in wuri ya cika, na ƙarshen layi ake karɓe wa. Za a ɗaura masa takarda a gindin matakala a jefa shi ƙasan jirgi tare da manyan kaya. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a bi rashin nauyi har a sayi akwati mai jiki kamar ledar burodi ba. Wanda bai kai kilo 2 ba kuma yana da araha, wani wuri aka rage, galibi kaurin roba ko gidan taya.

Don irin wannan rana, ka ajiye wata 'yar jakar yadi mai naɗewa a saman kayanka ko a aljihun gaba, wadda fasfo da kuɗi da magani da kwamfuta da fawa-bank za su koma cikinta a minti ɗaya. Mayar da sandar ja ciki har ta kulle kafin ka miƙa. In aka dawo maka da shi taya ta karye ko jiki ya tsage, kada ka fita daga zauren karɓar kaya sai ka je teburin kamfanin an cika maka takardar ɓarna, ka ɗauki hoton akwatin da takardar da aka ɗaura masa. A tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Montreal, wadda ta tsara haƙƙin fasinjojin jirgi, ta ba ka kwana 7 daga ranar da ka karɓi kayan ka shigar da kokenka a rubuce.

Wanda kuma tafiyarsa ta kwana biyu ko uku ce kuma bayansa lafiya, ya duba jakar goyo mai cin lita 35 zuwa 40. Nauyinta kilo 1 zuwa 1.5, ba taya ba sanda, tana matsuwa ta shiga ma'ajiyar ƙaramin jirgi, kuma a cikin kilo 7 ta bar maka kusan 6 na kaya. A duba ɗinkin da ya haɗa igiyoyin kafaɗa da jikin jakar, a ga an maimaita shi sau da yawa, domin nan ne take fara yagewa.